Wai haske ya haɗu da haske a samu duhu?

Nana Hadiza: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a lise, bana zan zauna bak in Allah ya yarda. A fizik mun kai darasin da ake cewa idan haske ya bi ta ƙananan tsaga biyu ya faɗa kan allo, sai a ga ratsin haske da ratsin duhu suna bin juna. An ba mu i = λD/a, inda i ke nufin tazarar ratsi da ratsi, D kuma nisan allo, na haddace, duk aikin da aka ba mu ina iya lissafa shi. Amma zuciyata ba ta karɓa ba. Ta yaya haske zai haɗu da haske a samu duhu? Don Allah wanda ya gane ya fahimtar da ni. Dalilin nake nema, lissafin ina da shi.

Sale mai shago: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, da gaskiyarki. Shagona a kasuwar Dole ampul biyu gare shi. In na kunna ɗaya a samu haske, in na ƙara ta biyu haske ya ƙaru. Shekara da shekaru ban taɓa ganin ratsin duhu a bango ba. Ki rubuta abin da aka ce ki ci jarrabawarki, amma ni abin da idona bai gani ba yana yi mani wuyar haɗiya.

Mushe Habu: Nana, Allah ya yi maki albarka. Wannan ita ce tambayar da nake so kowane ɗalibina ya yi, kuma abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya ke nan: da alli kawai muke koyar da wannan darasi, yaro ya fita da haruffa huɗu a ka bai taɓa ganin abin da suke nufi ba.

Ki fara da ruwa. Ki cika babban baho, ki bari ya kwanta, ki riƙa taɓa shi da yatsu biyu lokaci ɗaya, a kai a kai, da ɗan tazara tsakaninsu. Kowane yatsa zai riƙa tura igiyoyi masu zagaye, tudu da kwari, tudu da kwari. Ki duba inda zagayen biyu suka shiga juna. Wani wuri tudun wannan yana isowa tare da tudun wancan, ruwan ya yi tsalle sosai. Wani wuri kuma tudun wannan ne ke isowa daidai lokacin da kwarin wancan ya iso, ɗaya na ɗagawa ɗaya na dannewa, ruwan ya tsaya cik. Za ki ga layukan ruwa kwantacce sun miƙe daga tsakanin yatsunki, alhali igiyoyi biyu ne ke ratsa wurin.

Haske ma igiya ne, sai dai ba ruwa ke hawa da sauka ba, ƙarfin lantarki da na maganaɗisu ne ke kaɗawa, kamar yadda masanin fizik Maxwell ya nuna a 1865. Daga tudu zuwa tudu shi ne tsawon zango, λ ɗin da kika haddace. Na jan haske wajen nanomita 650 ne (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), wato cikin milimita ɗaya akwai tudu sama da 1500.

To ki ɗauki ɗigo ɗaya a kan allo. Haske na zo masa ta hanya biyu, daga tsaga ta farko da ta biyu. A tsakiyar allo hanyoyin tsawonsu ɗaya, igiyoyin sun tashi tare sun iso tare, wurin ya yi haske. Ki matsa gefe kaɗan, hanya ɗaya ta ɗara ɗayar tsawo. In bambancin ya kai rabin zango, tudu ya faɗa cikin kwari, wurin ya yi duhu. Ki ƙara matsawa har bambancin ya cika zango guda, tudu ya sake hawa tudu, haske ya dawo. Haka ake tafiya, rabi duhu, cikakke haske. Ratsin da ke littafinki taswirar bambancin hanyoyin nan biyu ce, ba wani abu ba.

Sale mai shago: Mushe, na ji bayanin ruwa kuma na yarda da shi, don ina ganinsa a tabki. Amma ba ka amsa mani batun ampul ɗina ba. Su ma hanya biyu ce zuwa bango ɗaya.

Mushe Habu: Yaya Sale, abin da ka gani a shagonka gaskiya ne, kuma dalili biyu ne suka hana ka ganin ratsin.

Na farko shi ne babba. Yatsun da na ce Nana ta sa a baho a hannu ɗaya suke, tare suke sauka tare suke tashi. Ampul biyu kuwa kowacce harkar gabanta take. Kai, cikin ampul ɗaya ma ɗimbin ƙwayoyin zarra ne ke fitar da haske, kowacce ta saki ɗan guntun igiya ta yi shiru, wata ta ɗauka, ba wadda ke jiran wata. Ko ratsi ya samu a bangonka, kafin ƙiftawar ido ya canja wuri sau miliyoyi. Ido ba ya iya bin wannan, sai ya ga haske shimfiɗe bai ɗaya. Shi ya sa a gwajin ba a kawo fitila biyu. Haske ɗaya ake rabawa biyu, domin duk abin da ya sami rabin nan ya sami wancan a lokaci guda.

Na biyu ƙanƙanta ce. Ka ga a ɗin da ke ƙasan lissafin Nana, tazarar tsaga biyun ke nan. In tazarar milimita 0.2 ce, allo na nesan mita 4, hasken ja ne, ratsi da ratsi zai ba da milimita 13, kowa zai gani. In ka buɗa tazarar ta kai mita 2 kamar ta ampul ɗinka, bango na nesan mita 3, ratsin zai koma wajen kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ga shi farin haske launuka ne da yawa, kowane launi da nasa zangon da nasa ratsin, duhun wannan ya faɗa kan hasken wancan.

Iliya mai gyaran moto: Barkanku da warhaka malamai. Ni ban yi lakwal mai nisa ba amma ina bin maganar. Akwai abu biyu da nake gani a gareji ina son in sani ko suna da alaƙa. In an yi ruwan sama, gazuwal ya ɗiga cikin ruwan da ya kwanta a ƙofar gareji, sai ka ga ɗigon ya baje, launuka sun fito zobe-zobe, shuɗi, tsanwa, rawaya, shunayya, suna motsi in iska ta taɓa. Gazuwal a jarka ba shi da waɗannan launuka. Na biyu salansar moto. Ƴan kabu-kabu na kawo mani sabuwar moto, wuyan salansa kusa da inji ya koma ruwan zuma, gaba kaɗan shunayya, sai shuɗi. Wasu har cewa suke fenti ne ya ƙone, alhali ba fenti a wurin.

Malama Rakiya: Malam Iliya, ai kai kana ganin darasin Nana kullum ba tare da ɗakin gwaji ba. Abu ɗaya ne.

Ɗigon gazuwal in ya baje a kan ruwa yakan yi siriri har kaurinsa ya yi kusa da tsawon zangon haske. Hasken rana in ya faɗo, wani kaso ya dawo daga saman man, wani kaso ya shiga ciki ya dawo daga inda mai ya haɗu da ruwa. Ga hanya biyu nan daga haske ɗaya, ta biyun ta ɗara ta farko da shiga da fitar da ta yi. A wurin da kaurin man ya sa jan haske ya kashe kansa, abin da ya rage ya iso idonka ba ja a ciki, sai ka ga tsanwa-shuɗi. Gaba kaɗan kaurin ya canja, wani launin ne ya mutu, wani ya ƙarfafa. Kowane zobe da kake gani wuri ne da man yake da kauri ɗaya. In ka sunkuya ko ka ja da baya launin zai sauya, don tsawon hanyar cikin man ya danganta da kusurwar da kake kallo.

Salansa kuma zafi ne ya sa iskar oksijin ta kama ƙarfen, ta yi masa wata siririyar fata da haske ke ratsawa. Gwargwadon zafi, gwargwadon kaurin fatar. Maƙera sun daɗe da sanin wannan ba tare da lissafi ba: a ƙarfen wuƙa launin kara yana fitowa wajen digiri 220 zuwa 230, shunayya wajen 280, shuɗi wajen 300, da launin suke gane lokacin da za su cire shi daga wuta. A salansa mai ƙyalli adadin zafin ya bambanta, amma jerin launukan haka yake.

Wanda na fi so in nuna wa ɗalibaina mata shi ne kumfar sabulu. A lanƙwasa waya a yi zobe, a tsoma cikin ruwan sabulu, a riƙe a tsaye. Ruwan na gangarowa ƙasa, sama na ƙara sirancewa, launuka su jeru a kwance. Daf da fashewa sai saman ya yi baƙi ƙirin kamar ba komai a wurin. Dalili, igiyar da ta dawo daga fuskar gaba juyewa take yi, tudu ya koma kwari, ta baya kuwa ba ta juyewa. In fatar ta sirance ƙwarai, su biyun sai su kashe juna a kowane launi. Nana, ga haske da haske sun ba da duhu da sabulun wanki.

Alhaji Mato: Ikon Allah. To Malama, bakan gizo ma haka ne? Da wuyan tattabara? Ina da su a gida cikin Birni, in rana ta bugi wuyan namijin sai ya yi tsanwa, ya juya ya yi shunayya.

Malama Rakiya: Baba Alhaji, wuyan tattabara e, akwai siririyar fata a jikin zaren gashin, irin aikin man nan take yi, shi ya sa launin ke sauyawa in ta juya. Bakan gizo kuwa asalinsa daban ne. Haske ne ke karyewa in ya shiga ɗigon ruwa, kowane launi da kusurwarsa, ya dawo daga bayan ɗigon ya fito a rarrabe. Sai dai wani lokaci a cikin bakan, ƙarƙashin shunayya, akan ga wasu siraran layuka masu dusashen launi. Waɗannan kam karon igiyoyi ne.

Nana Hadiza: Na gode Mushe, na gode Malama. Yanzu na fara gani. Amma an koya mana makamashi ba ya ɓacewa. Hasken da ya kashe juna a ratsin duhu, ina ƙarfinsa ya tafi?

Bashir daga Yamai: Ƙanwata, bari in sa baki a nan don ya taɓa sana'ata, harkar sola nake yi. Ba inda ya ɓace, wuri aka canja masa. In tsaga ɗaya tana ba allo haske awo ɗaya, biyu ya kamata su ba da awo biyu ko'ina. Abin da ke faruwa, ratsin duhu ya samu sifili, tsakiyar ratsin haske ya samu awo huɗu, domin tsayin igiya in ya ninka biyu ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Ki haɗa huɗu da sifili ki raba biyu, biyun nan ce ta dawo.

Kuma da wannan muke cin abinci. Silikon, abin da ake yin farantin sola da shi, in tsirara yake yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya faɗo masa, asara ke nan tun kafin a fara. Sai masana'anta su shafa masa wata fata mai kaurin wajen nanomita 80, a auna ta yadda hasken da ke dawowa daga samanta da wanda ke dawowa daga ƙasanta za su kashe juna. Tunda hanyar komawa ta toshe, hasken sai ya shige ciki ya zama kuran. An daidaita kaurin ne don tsakiyar launukan rana, shuɗi bai mutu sosai ba, shi ne shuɗin da kuke gani a farantan sola da ke kan rufin gidaje. Haka tabarau na likita masu ɗan ƙyallin tsanwa ko shunayya. Gilas zalla kowace fuska tana mayar da wajen kashi 4 cikin 100, fata mai kaurin rubu'in zango tana rage shi ƙwarai. Don haka masu cewa wannan darasi ba ya da amfani a ƙasarmu, su ɗaga kai su dubi rufi.

Alhaji Mato: Ni dai na taɓa ji a wani wa'azi cewa duk ilimin haske Musulmi ne suka fara shi, wani malami Ibnul Haisam, Turawa suka kwashe. Ashe wannan ma nasa ne?

Mushe Habu: Baba Alhaji, Hasan ibnul Haisam babban malami ne kuma haƙƙinsa ne mu san shi. An haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A Kitabul Manazir ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne in haske ya shigo ido, ba ido ke fitar da haske ba, kuma da gwaji ya riƙa tabbatar da maganarsa. Akwai gwajinsa da ya shafi zancenmu: ya jera fitilu a waje, haskensu ya bi ta kafa ɗaya ya shiga wuri mai duhu, kowace fitila ta yi nata ɗigon a bango. In ya rufe ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Wato haskoki na ratsa juna su wuce ba su cakuɗe ba. An fassara littafin zuwa Latin, malaman Turai sun yi ƙarnuka suna karanta shi.

Amma ratsin haske da duhu ba shi ya gano ba, kuma girmansa bai buƙaci mu ƙara masa abin da ba nasa ba. Huygens ɗan Holan ya ce haske igiya ne a 1690. Newton a littafinsa na 1704 ya karkata ga cewa ƙwayoyi ne, kuma saboda nauyin sunansa aka bi shi kusan shekara ɗari. Thomas Young, wani likita a Ingila, shi ya kawo ƙa'idar karon igiyoyi a 1801. Abin da ke burge ni, da ma'aunan da Newton ya yi da hannunsa a kan zobban launi tsakanin gilasai biyu Young ya lissafa tsawon zangon launuka.

Nana, kada mu tsaya a baki. Ki nemi ƴar fitilar lezar nan ja da ake sayarwa haɗe da maƙalin makulli. Ki yanka taga a kwali, ki miƙe silin gashi ɗaya a tsaye a tsakiyar tagar, ki manne shi sama da ƙasa. Da dare ki ɗora lezar a kan tebur, haskenta ya bugi gashin ya wuce zuwa bango mai nisan mita 3. Ki gaya mana abin da kika gani, ki auna da tef ɗin tela.

Zainabu ma'aikaciyar jinya: Mushe, a yi mani haƙuri in tsoma baki. Nana, kada ki kalli cikin lezar ko sau ɗaya, kada ki haska ta a fuskar kowa, kuma ki kawar da madubi da kwanon silba daga hanyarta. Irin masu tsanwan nan da ake sayarwa, da yawa ƙarfinsu ya wuce abin da aka rubuta a jiki, suna iya ƙona bayan ido, kuma wannan ƙunar ba ta da ɗinki. In kin gama ki ɓoye ta daga ƙannenki.

Nana Hadiza: Na yi! Wallahi na gani da idona. Na bi duk abin da Anti Zainabu ta ce. Da na daidaita hasken a kan gashin, ɗigon ja yana nan a tsakiya da ƙarfinsa, amma hagu da dama sai ga layi ya miƙe a kwance, a yanke gutsi-gutsi, ja, duhu, ja, duhu, suna dusashewa in sun yi nisa. Gashin a tsaye yake amma layin a kwance ya fito, da na juya kwalin sai layin ya miƙe tsaye. Na manna takarda a bango na sa alama a tsakiyar kowane duhu. Daga duhu zuwa duhu milimita 26. Na yi lissafi da milimita, zango 0.00065 sau nisan bango 3000 a raba da 26, ya ba ni milimita 0.075. Mushe, kaurin gashina ke nan? Inna ta zo ta tsaya tana kallo, ta ce in gwada da zaren ɗinki. Da zaren sai ratsin suka matse har da ƙyar ake rabe su.

Sale mai shago: Masha Allah ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Amma Mushe, ni har yanzu ina da ja. Gashi abu ne da ke tare haske. Me zai hana duhun nan ya zama inuwar gashin ce kawai ta warwatsu?

Mushe Habu: Nana, kaurin gashinki ke nan, kuma adadin ya yi daidai da na gashin mutum. Kin auna abin da tef ɗin tela ba zai iya aunawa ba. Maganar Inna ma ta ƙara hujja, kuma da ita zan amsa wa Yaya Sale. In inuwa ce, abu mai kauri ya kamata ya ba da faffaɗa. A nan akasin haka aka gani, zare mai kauri ya matse ratsi, siririn gashi ya buɗa su. Kuma gashi ɗaya ne, inuwa ɗaya ya kamata ya yi, ba jerin duhu hagu da dama ba.

Young ya fuskanci irin wannan ja. A 1803, gaban ƙungiyar masana ta Landan, ya bayyana yadda ya shigo da siririn hasken rana ta ƴar huda, ya sa guntun kati mai faɗin da bai kai milimita ɗaya ba a tsakiyarsa. Ratsi suka fito a cikin inuwar katin. Sai ya tare hasken da ke bi ta gefe ɗaya na katin, ratsin nan suka ɓace. Ya rage haske, duhun ya tafi. Ya mayar da haske, duhun ya dawo. Inuwa ba ta yin haka.

A Faransa ma an yi. A 1818 wani injiniya, Fresnel, ya miƙa lissafin igiyar haske a gasar majalisar masanan Paris. Poisson, ɗaya daga cikin alƙalai kuma mai ra'ayin Newton, ya bi lissafin ya ce in gaskiya ne, to tsakiyar inuwar abu mai zagaye dole a samu ɗigon haske, abin da yake ganin hankali ba zai ɗauka ba. Arago ya je ya gwada da ɗan faifan ƙarfe mai faɗin milimita 2, ɗigon hasken na nan a tsakiyar inuwa. Dalili, duk igiyoyin da suka lanƙwaso ta bakin faifan tafiya ɗaya suka yi zuwa tsakiya, tare suka iso. An ba Fresnel kyautar a 1819.

Bashir daga Yamai: Mushe, kada mu bar Nana ta zaci magana ta ƙare a nan, don babi na gaba zai ce mata haske ƙwayoyi ne, foton, kamar yadda Einstein ya kawo a 1905. Kuma shi ma gaskiya ne, da shi farantin sola ke aiki, foton ɗaya ya ture ƙwayar lantarki ɗaya. A 1909 Taylor a Kambirij ya rage haske da gilasai masu hayaƙi har ya yi rauni matuƙa, ya bar farantin hoto wajen wata uku, ratsin suka fito yadda suke. Da na'urorin yanzu ana ganin foton na sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗigo guda a wuri guda, kamar ba tsari. In sun taru da yawa sai ratsin su bayyana, kuma wuraren duhu ba wanda ke sauka. A 1989 Tonomura da abokan aikinsa a Japan sun nuna haka da ƙwayoyin lantarki. In kuma aka sa abin da zai gano ta wace tsaga kowanne ya bi, ratsin sai su ɓace.

Da wannan karon igiyoyi aka ji girgizar sararin samaniya ran 14 ga Satumba 2015 a Amurka. Na'urar LIGO tana raba leza biyu, kowane rabi ya bi bututu mai tsawon kilomita 4 ya dawo, an daidaita su su kashe juna. Da tsawon ya motsa da abin da ya gaza faɗin proton, ɗan ƙwayar da ke cikin tsakiyar zarra, sau ɗaruruwa, ɗan haske ya ɓullo inda ake da duhu.

Sale mai shago: Batun kati da zaren ɗinki ya shige ni, na karɓa. Amma wannan na Bashir, a ce ƙwaya ɗaya tilo ta san akwai tsaga biyu, ban karɓa ba tukuna. Da wa ta yi karo in ita kaɗai ce?

Malama Rakiya: Yaya Sale, wannan tambayar taka manyan masana sun yi ta tun shekarun 1920 kuma har yau suna saɓani a kan fassararta. Abin da ba a saɓani a kai shi ne sakamakon gwajin da lissafinsa: igiyar tana bi ta tsaga biyun, ita ke faɗin inda ƙwayar ta fi yiwuwar sauka, saukar kuma a wuri ɗaya take. Ni dai ba na son a ce wa ɗalibi ya yi shiru ya haddace a nan, gara ya san inda sani ya tsaya da inda ake ja.

Iliya mai gyaran moto: Malama, mu da ba mu da leza fa? Yarana na gareji sun ji ina karanta maganar, suna so su gani.

Malama Rakiya: Ku ari siririn mayafi, irin shara-sharan nan mai saƙa a miƙe. Da dare ku nemi fitila ɗaya ƙarama mai nisa, ta titi ko tocilar salula daga ƙarshen layi, mita 50 ko fiye. Ku ja mayafin ya miƙe, ku kai shi daf da ido ku kalli fitilar ta ciki. Maimakon ɗigo ɗaya za ku ga ɗigogi sun jeru a tsaye da kwance, na gefe da ɗan launi, shuɗi ta ciki ja ta waje, don zangon ja ya fi tsawo. Kowace kafa tsakanin zare da zare tsaga ce. In kun juya mayafin jerin zai juya tare da shi. In kun karkata shi yadda kafofin za su matse, ɗigogin za su ƙara buɗewa. Bayan tsohon faifan CD ma haka ne, layukansa tazarar mikromita 1.6, wato milimita 0.0016, ke tsakaninsu, shi ya sa yake rarraba launuka.

Iliya mai gyaran moto: Mun gwada da fitilar bakin kwalta. Ta kusa ba ta yi ba, sai dishi-dishi. Ta can nesa ta yi, ɗigogi sun fito reras. Me ya sa ta kusa ta ƙi?

Mushe Habu: Saboda ta kusa faffaɗa ce a idonku. Kowane ɓangare na fitilar yana yin nasa jerin ɗigogin, ɗan gefe da na maƙwabcinsa, sai su hau juna su cike duhun da ke tsakani. Ta nesa ta koma ɗigo ɗaya, jeri ɗaya take bayarwa. In kuna son ta kusa ta yi, ku rufe bakin tocila da takardar alminiyom, ku huda ta da tsinin allura, ku ja da baya taku goma ku sake kallo ta mayafin.